Darasi na Tara: Shirin Doguwar Tafiya a Mota cikin Dusar Ƙanƙara

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Kanada da Suwidin da Finlan da Rasha da jihohin arewacin Amurka, akan yi wata huɗu ko biyar a shekara hanyoyin mota na lulluɓe da dusar ƙanƙara, ko kuma sun daskare sun yi sulɓi. Hakan ba ya hana mutane zirga-zirga. Ana zuwa aiki, ana kai kaya, ana ziyarar dangi. Yau kuma akwai 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da dama a waɗannan ƙasashe, wasu karatu ya kai su, wasu neman abinci, kuma da yawansu sun iya tuƙi tun daga gida. Wannan iyawar ita ce ke yaudararsu, domin direban da ya goge a kan busasshiyar kwalta yana shirin tafiya ne da tambayar da ya saba: motar nan za ta kai ni? Sai ya duba mai da ruwa da baƙin mai, ya ga inji lafiya, ya kama hanya. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne, a ƙasar ƙanƙara tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta tsayawa. Idan na taka birki, a ina motar za ta tsaya? Idan hanya ta tsayar da ni a daji, awa nawa zan iya jurewa? Duk wani shiri mai amfani daga amsar waɗannan yake fitowa.

Domin kada maganar ta zama a iska, mu ɗauki hanya ɗaya ta gaske. A lardin Ontariyo na Kanada akwai babbar hanya mai lamba 17, wadda ta bi gefen tafkin Superior daga garin Sault Ste. Marie zuwa Thunder Bay, tafiyar kusan kilomita 700, wato ta fi nisan Kano zuwa Maiduguri. Yawancinta layi biyu ne kawai, mai zuwa da mai dawowa, ga hawa da gangara da kwana, ga manyan tireloli dare da rana, ga kuma wurare masu nisa da babu gari babu gidan mai. Iska mai sanyi idan ta ratso saman tafkin takan ɗebo tururin ruwa ta zubar da shi a gaɓa a matsayin dusar ƙanƙara mai kauri, har direba ya fita daga sarari tangaran ya shiga farin duhu a cikin 'yan mintoci. 'Yan sanda kan rufe sassan hanyar a lokacin sanyi, kuma a wurare da yawa babu wata hanyar kewayawa ta kusa. Duk wanda ya shirya wa irin wannan hanya, ya shirya wa sauran.

Mu fara da birki. Abin da ke tsayar da mota shi ne kamun da taya ke yi wa ƙasa. Birki dai ƙafafun motar kaɗai yake riƙewa. Faɗin abin da kowace taya ke taɓawa na kwalta bai wuce tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan 'yan wurare huɗu ne nauyin mota da na mutanen ciki ya dogara. Ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya sun ƙiyasta cewa motar da ke gudun kilomita 80 a awa, a kan busasshiyar hanya, tana cin mita 15 kafin direba ya farga ya kai ƙafa ga birki, sannan ta ci mita 38 kafin ta tsaya cak. Ƙa'idojin sun kuma yi gargaɗin cewa a kan ƙanƙara nisan tsayawa na iya ninkawa har sau goma. Mita 38 ta zama 380 ke nan, tsawon filin ƙwallo uku da ɗoriya. Akwai kuma wata doka ta halitta da kowane direba ya kamata ya haddace: idan aka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa rage gudu kaɗan yake sayo tazara mai yawa, ƙarin gudu kaɗan kuma yake cinye ta. Lambar da aka rubuta a allon gefen hanya an sa ta ne domin ranar da hanya ke bushe, kuma wanda ya bi ta a ranar ƙanƙara ya yi gudun wuce sa'a ko da bai haura lambar ba.

Tunda komai ya rataya a kan taya, a nan ya kamata kuɗin shiri ya fara tafiya. Robar tayar da aka yi domin lokacin zafi takan fara taurarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma robar da ta taurare ba ta kama ƙasa. Tayar sanyi an haɗa robarta ne yadda za ta zauna da laushi a cikin tsananin sanyi, zanenta ya fi zurfi, kuma an yi mata ƙananan tsage masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Ana gane ta da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. A wasu wurare hukumomi ba su bar wannan ga ra'ayin direba ba. A lardin Kwibek na Kanada doka ta wajabta tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin ana buƙatar su daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin hanya na cikin yanayin sanyi, kuma zurfin zanen kada ya gaza milimita 3. Jamus ba ta yanke rana ba, amma tun 2010 laifi ne a hau hanya mai ƙanƙara da tayar zafi. Za a ce taya huɗu sababbi kuɗi ne mai nauyi ga ɗalibi ko sabon zuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai a lura cewa watannin da tayoyin sanyi ke ƙasa, na zafi suna ajiye ba sa cinyewa, saboda haka a tsawon shekaru abin da aka ƙara kashewa bai kai yadda ake gani da fari ba. Abin da ba shi da kyau shi ne rabin shiri, wato a sa tayoyin sanyi biyu a gaba a bar tsofaffi a baya. Gaban motar zai kama ƙasa, bayanta ya sulale, ta juya da mai ita a kwanar farko. Wanda aljihunsa bai kai huɗu ba, jirgin ƙasa ko bas ya fi masa.

Akwai masu cewa su wannan bai shafe su ba, tunda motarsu jif ce mai ja da ƙafa huɗu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa take da haɗari. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota wajen tashi da hawan tudu da fita daga inda ta kafe. Wajen tsayawa kuwa ba ya ƙara komai, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki, ƙarama ko babba, kuma jif ta fi nauyi. Abin da ke faruwa shi ne, mai ƙaramar mota yana jin tayoyinsa na sulɓewa tun daga ƙofar gida, sai tsoro ya kama shi ya yi a hankali, shi kuwa mai jif motarsa ta tashi lafiya lau, bai san hanya ta daskare ba sai lokacin da ya nemi tsayawa. Haka birkin zamani da ake kira ABS yake: aikinsa hana ƙafafu kullewa domin direba ya iya juya sitiyari yana birki, amma ba ya ƙirƙiro kamun da babu shi a ƙasa. Mai irin wannan birki ya taka da ƙarfi ya riƙe, kada karkarwar da zai ji a ƙarƙashin ƙafarsa ta sa ya saki. Totur da birki da sitiyari duk a taɓa su sannu, ba fizga. Na'urar da ke riƙe wa mota gudu ita kaɗai a kashe ta. Sai kuma a yi hattara da gada, domin iska na ratsa ta sama da ƙasa, takan daskare kafin sauran hanya. Mafi sharrin ƙanƙara ita ce siririyar nan mai kama da gilashi wadda ake hango baƙin kwalta ta cikinta, ido ya ɗauka jiƙa ce kawai. Gishirin da ake watsa wa hanya ma yana da iyaka, ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili.

Sauran duban mota aikin bakanike ne na yini ɗaya, ba sai an tsawaita ba. Batir yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa a digiri 18 ƙasa da sifili, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri inji ke neman ƙarin ƙarfi kafin ya tashi, don haka tsohon batir a gwada shi kafin tafiya. Ruwa zalla a lagireto, kamar yadda wasu suka saba a gida, halaka inji ne, domin ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da ke riƙe da shi. Haɗin rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwan wanke gilashi shi ma a zuba na sanyi, a ɗauki galan ɗaya na ƙari, saboda taɓon gishirin da tireloli ke watsowa yana makantar da gilashi a ɗan lokaci. Iskar taya na raguwa da sanyi, a auna ta da safe. Mai motar dizal ya sha mai a yankin sanyin, inda ake sayar da wanda ba ya kamewa. Mai motar lantarki kuma ya san cewa caji ɗaya ba zai kai shi inda yake kai shi da zafi ba.

Yanzu mu zo tsayawar da ba direba ne ya zaɓe ta ba, wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. Mutum na iya yin tuƙi ba kuskure, tirela ɗaya ta gitta hanya a kilomita goma gaba da shi, shi ke nan kowa ya tsaya. A ranar 3 ga Janairun 2022 haka ta faru a babbar hanyar I-95 a jihar Birjiniya ta Amurka, hanyar da ke shiga Washington, ba wani lungu ba. An fara da ruwan sama, wanda ya hana a watsa maganin ƙanƙara tun da wuri, sannan dusar ta sauko da ƙarfi, manyan motoci suka ƙwace, motoci suka yi cirko-cirko na tsawon kusan kilomita 80, wasu har fiye da yini da dare. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Sanata Tim Kaine, wanda tafiyar awa biyu ta zame masa ta awa 27. A Janairun 2024 motoci kusan 1,000 suka kwana a kan hanyar E22 a kudancin Suwidin, ƙasar da ba wanda zai koya wa sha'anin ƙanƙara. Wani zai ce ai akwai waya, a kira 'yan agaji. To, a guguwar da ta afka wa birnin Bafalo na Amurka a Disamban 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 40, motocin asibiti da na kashe gobara su ma kafewa suka yi, aka yi sa'o'i ana kira ba mai iya zuwa. Abin da ya tsayar da kai shi ne ya tsayar da mai cetonka. Ga shi kuma sanyi na shanye batirin waya da sauri, a daji kuma ba ko'ina ake samun sabis ba.

Saboda haka ma'aunin kayan da za a ɗauka shi ne wannan: a ɗauka cewa za a kwana a cikin motar, inji a kashe, da duk wanda ke ciki. Kowane mutum ya sami bargo mai kauri ko jakar barci, da rigar sanyi ta gaske, da hula, da safar hannu, da takalmin da ruwa ba ya shiga, ko da kuwa an yi niyyar daga mota sai cikin gida. Tufafi a sa su hawa-hawa, kuma na auduga kada ya zama shi ne a jikin fata, domin idan ya jiƙe da gumi yana janye ɗumin jiki. A riƙe ruwan sha da abincin da ba ya buƙatar dafuwa, irin su dabino da gyaɗa da biskit, da maganin duk mai shan magani, da madara da ƙyallayen jariri idan akwai shi. Waɗannan su zauna a cikin mota kusa da hannu, domin murfin but na iya daskarewa ko dusar ta binne shi. A but ɗin sai a sa shebur, da abin kankare gilashi, da buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya, da wayar jona batir, da igiyar ja, da tocila. Mai kuwa kada a bari ya sauka ƙasa da rabin tanki. A nan fetur shi ne wutar jin ɗumi: ƙaramar mota a tsaye tana shan kamar lita ɗaya a awa, kuma idan aka bi shawarar hukumomi ta kunna inji minti goma a kowace awa, rabin tanki zai kai kwanaki.

Wannan kunna injin yana ɗauke da nasa ajalin, kuma shi ne wurin da ya fi kamata ɗalibi ya natsu. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali idan aka kwana da janareto a cikin gida, ko aka rufe ɗaki da kaskon gawayi a daren hunturu. Idan dusar ƙanƙara ta toshe bakin salansa, hayaƙin sai ya taru a ƙarƙashin mota ya kutso ciki, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, ya ɗauka gajiya ce. A Janairun 2022 a garin Murree na Pakistan, dubban masu yawon buɗe ido suka hau tsauni kallon dusar ƙanƙara, hanya ta toshe, aka wayi gari da gawarwaki fiye da 20 har da ƙananan yara, yawanci a cikin motocinsu, wasu sanyi ya kashe su, wasu wannan iska. Maganin abin ba shi da tsada. Kafin kowace kunnawa a fita a share bayan motar da shebur, a ɗan sauke gilashi ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, kuma kada kowa da kowa ya yi barci lokaci guda.

Idan dare ya yi nisa, zuciya takan raya wa magidanci cewa zama ba nasa ba ne, ya fita ya nemo taimako. Kusan kullum wannan kuskure ne. Mota mafaka ce daga iska, kuma ta fi mutum sauƙin hangowa daga sama ko daga nesa. A cikin farin duhu mutum na iya ɓacewa taku kaɗan daga motarsa. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani ne ke fara rikicewa, mutum ya yi ta tafiya bai san ina ya dosa ba. A ƙarshen 2006 wasu iyali suka ɓata hanya suka kafe a dazukan jihar Oregon ta Amurka. Bayan kusan mako guda maigidan ya fita da ƙafa neman agaji. Kwana biyu bayan fitarsa aka gano matarsa da 'ya'yansa biyu da rai a kusa da motar, shi kuwa sai gawarsa aka tsinta. Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadez zuwa Dirku sun san wannan doka tun da daɗewa: mota idan ta mutu a sahara, a zauna a gindinta, kuma a bar labari a baya kafin a tashi. Haka ne a ƙanƙara. Mai tafiya ya gaya wa wani hanyar da zai bi da lokacin da ya kamata ya isa, kuma kada ya kauce wa babbar hanya don taswirar waya ta nuna masa wata gajeriya, domin babbar hanya ake fara sharewa, ƙanana kuwa wasu ba a taɓa su har sanyi ya wuce.

Duk da haka kayan da suka fi kowanne amfani ba a sa su a but. Lokaci ne. A ƙarshen Disamba rana a yankin Thunder Bay ba ta wuce awa takwas da 'yan mintoci a sama, saboda haka tafiyar kilomita 700 da ake yi a yini ɗaya da zafi, da sanyi sai an haɗa da dare, ko a raba ta biyu a kwana a hanya. Hasashen yanayi a waɗannan ƙasashe yana ba da gargaɗin babbar guguwa tun kafin ta iso, kuma a yawancin lardunan Kanada da jihohin Amurka lambar 511, ta waya ko ta intanet, tana bayyana halin da hanyoyi ke ciki da waɗanda aka rufe. Amma sanin ba ya amfani ga wanda ya ɗaure kansa da alkawarin da ba ya ɗaguwa. Mutumin da zai fara aiki ranar Litinin da safe ya kuma tashi ranar Lahadi, ko me hasashe ya ce zai hau hanya, domin ya riga ya toshe wa kansa ƙofar fasawa. Wanda ya bar kwana ɗaya ko biyu a hannu, ya kuma ware kuɗin masauki, shi ne zai iya kallon sama ya ce yau ba tafiya. Akan ji wasu na cewa idan kwana ya ƙare ba makawa, in kuma da sauran kwana ƙanƙara ba ta kisa. Malamai sun sha bayyana cewa dogaro ga Allah tare yake tafiya da riƙon sababi, kuma a nan ba ran direba kaɗai ke kan hanya ba. Akwai yaran da ke kujerar baya waɗanda ba a yi shawara da su ba, akwai mai zuwa daga ɗaya hannun, akwai kuma ma'aikacin da za a taso cikin dare ya zo jawo motar daga rami.

Dole a yarda da abu ɗaya da masu suka ke faɗa: shiri kansa yana iya zama tarko. Wanda ya sayi tayoyin sanyi ya cika but da kaya yakan ji ya fi ƙarfin hanya, sai ya ƙara gudu, ya cinye duk tazarar da tayoyin suka ba shi, ko ya fita a ranar da in ba don kayan ba da ya zauna a gida. Tayar sanyi tana rage nisan birki ne, ba ta mayar da ƙanƙara kwalta. Shi ya sa sabon zuwa, kafin ya hau doguwar hanya, ya kamata ya sami fili mara motoci a ranar da dusar ta sauka, ya yi gudu kaɗan ya taka birki, ya ji da jikinsa yadda mota ke ci gaba da tafiya ƙafarsa na kan birki. A Suwidin irin wannan horo a kan hanya mai sulɓi yana cikin sharuɗɗan samun lasisin tuƙi, kuma makarantun tuƙi a Kanada da dama suna koyar da shi ga mai so.

Aikin aji: bisa ƙiyasin ƙa'idojin Birtaniya, motar da ke gudun kilomita 48 a awa tana cin mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa a busasshiyar hanya. Kowane ɗalibi ya lissafa nisan da za ta iya ci a kan ƙanƙara idan ya ninka sau goma, sannan a fita harabar makaranta a auna wannan nisa da taku, a tsayar da mutum ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Bayan an dawo, a raba aji gida biyu a tattauna halin direban da ke da rabin tanki da yara biyu a mota, aka rufe hanya gaba da baya da ƙarfe biyar na yamma, a tsara abin da zai yi awa bayan awa har gari ya waye.